Suwic Ne Ya Lalace Ko Waya? Fashin Baƙi Kan Matsalolin Haɗa Kwamfutoci A Sakkwato

A ofis, makaranta, otal ko cibiyar jarrabawar kwamfuta, da zarar na'urori sun daina ganin juna, akwatin nan mai jerin kafofi da 'yan fitilu, wato suwic, shi ake fara ɗora wa laifi. A kashe a kunna, in bai tashi ba a ce ya ƙone, a aika kasuwa a sayo sabo. Sau da yawa sabon ma yakan kamu da ciwon tsohon cikin 'yan kwanaki, domin tun asali ciwon ba a jikinsa yake ba. Yana cikin wutar da ake ba shi, ko zafin ɗakin da aka ajiye shi, ko wayar da aka soka masa.

Aikin suwic kaɗan ne, kuma sanin iyakarsa na rage wahalar bincike. Kowane katin sadarwa yana da lambarsa ta dindindin da ake kira MAC. Duk saƙon da ya shigo, suwic na duba lambar wanda ya aiko, ya rubuta a teburinsa cewa wane yana kafa kaza. In saƙo ya zo wa lambar da ya sani, sai ya tura shi wannan kafar kaɗai. In bai san ta ba, ko kuma saƙon shela ne ga kowa, sai ya watsa shi ta dukkan sauran kafofin. Lambar da ta yi shiru na daƙiƙa 300, a yawancin suwic, gogewa ake yi. Suwic na yau da kullum ba ya kawo intanet, ba ya raba adireshin IP. Wannan aikin rawuta ne, wato na'urar da ke haɗa ofis da layin intanet, ko saba, babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Saboda haka in kwamfutoci na ganin juna, suna aika takarda ga firinta, amma shafin intanet ba ya buɗewa, a bar suwic ya huta, a nufi rawuta da layin kamfanin sadarwa.

Kafin a taɓa komai, tambaya biyu ake yi wa masu ofis. Ta farko, na'ura nawa abin ya shafa? In ɗaya ce, matsalar na tsakanin wayarta, kafarta da katinta. In ɗaki guda ne ko bene guda, a dubi suwic ɗin ɗakin da babbar wayar da ta haɗa shi da sauran. In kowa ne, to wuta ce, ko uwar suwic da sauran suwic ke haɗuwa a kanta, ko zobe, wanda bayaninsa ke tafe. Ta biyu, yaushe abin ke faruwa? Wannan ta fi muhimmanci a gari irin Sakkwato. Matsalar da ke zuwa tsakanin azahar da la'asar ta warke da magariba zafi take nunawa. Wadda ke zuwa duk lokacin da aka koma janareta, wuta ce. Wadda ke jiran dare, musamman ga kyamarori, ƙarancin wutar PoE ce, wato wutar da suwic ke aika wa na'ura ta cikin wayar sadarwa.

Wuta da zafi

Ƙananan suwic masu kafa 5 ko 8 da adafta suke aiki, wasu bolt 5, wasu 9, wasu 12, kuma bakin adaftocin kan yi kama da juna. Nan ake samun ɓarna: adafta ta mutu, a ɗauko ta dikoda ko ta tsohuwar rawuta a soka tunda ta shiga. In bolt ɗin ya haura abin da aka rubuta a gindin suwic, ana iya ƙona shi nan take. In bolt ya yi daidai amma ƙarfin amfiya bai kai ba, suwic zai kunna lafiya lau, fitilu su kama, amma da aiki ya yi yawa sai ya mutu ya sake tashi da kansa. Adaftar da ta tsufa ma haka take yi. A auna ta da mitar auna lantarki tana ɗauke da suwic ɗin, domin in aka auna ta ita kaɗai takan nuna cikakken bolt ta yaudari mutum.

Sauyi daga wutar NEPA zuwa janareta ko inbata, ko na ƙiftawar ido ne, ya isa ya kashe suwic. Ƙaramin suwic kan dawo cikin daƙiƙoƙi, amma babba mai saiti na iya cin mintoci kafin ya gama tashi. Abin da ya fi ɓata rai shi ne saitin da aka yi ba a adana ba. A suwic ɗin Cisco, duk gyaran da aka yi yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an buga copy running-config startup-config. Wanda ya manta da wannan, ranar da wuta ta ɗauke zai tarar da aikinsa ya tafi, ya yi ta neman abin da ya lalace alhali ba abin da ya lalace. Umarnin show version na nuna tsawon lokacin da suwic ya yi a kunne. In ya ce minti goma alhali ba wanda ya kashe shi, an gano bakin zaren. Maganin nan UPS ne, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarami, a ɗora masa suwic da rawuta kaɗai, ban da firinta mai amfani da garin tawada, wadda ke zuƙar wuta da yawa lokacin da take ɗumama kanta.

Yawancin suwic na ofis an ƙera su ne su yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, wasu manya 45 ko 50. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa ma kan haura 40. To ina ga cikin rufaffen akwatin ƙarfe da aka kafe kusa da silin, ƙarƙashin kwano, a ɗakin da ba taga? Suwic ɗin da zafi ya dama yakan fara zubar da saƙonni, wasu kafofi su riƙa ɗaukewa suna dawowa, daga baya ya sandare gaba ɗaya sai an kashe shi ya huce. Hunturu kuma na barin nasa gadon: ƙurar da ta shiga daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ke toshe kafofin iska da fanka, sai bazara ta zo ta tarar da na'urar ba ta numfashi. Lokacin da ya fi dacewa a sauke suwic a hure shi da abin hura iska shi ne ƙarshen Fabrairu. A kashe shi tukuna, a kuma danne fankar da tsinke yayin hurawa kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. A bar tazarar yatsu uku ko huɗu a gefen da iska ke fita, kada a ɗora wani suwic ko adafta a kansa. In wurin waje ne, kamar akwatin kyamarori a jikin katanga, akwai suwic na masana'antu da ke jure har digiri 75. Ya fi tsada, amma na ofis ba zai daɗe a can ba.

Waya, inda yawancin ciwon yake

Fitilar kafa ita ce shaida ta farko. In ba ta kama ba sam, babu haɗi tsakanin ɓangarorin biyu. A ɗauko gajeriyar waya da aka tabbatar da lafiyarta, a kawo laftof kusa da suwic a soka a wannan kafar. In fitila ta kama, kafa lafiya, doguwar wayar ce ko na'urar da ke can ƙarshe. In ba ta kama ba, a gwada kafar da ke kusa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza waya da kafa da kwamfuta tare, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara ba. Launin fitila kuwa ba ɗaya ba ne a kowane kamfani. A wasu kore na nufin gudun gigabit, ruwan lemo na nufin megabit 100, a wasu kuma ruwan lemo na nufin an tsare kafar. A duba rubutun da ke fuskar suwic ɗin ko littafinsa.

A cikin wayar akwai siraran wayoyi takwas, an murɗa su bibbiyu. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar lantarki. Tsarin da aka fi bi wajen jera su a kan RJ45, wato kan da ake matse wa waya a soka a kafa, shi ne T568B: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. A lura da yadda koren ya tsallake shuɗayen biyu, ɗaya a haƙori na 3, ɗaya a na 6. Masu koyon aiki da yawa sukan jera launuka yadda suka ga dama, su ce ai muddin kai biyu sun yi daidai shi ke nan. Ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas ma za ta goyi bayansu, ta nuna 1 zuwa 8 lafiya. Amma haƙori na 3 da na 6 sun faɗa kan wayoyin da ba a murɗe su tare ba, don haka a mita biyu za ta yi aiki, a mita arba'in ta riƙa zubar da saƙo ko ta ƙi haɗawa. Haka kuma kada a warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kai, kuma rigar wayar ta shiga cikin kan har maƙogwaronsa ya danne ta.

Gudun megabit 100 na amfani da haƙora huɗu ne kawai, 1, 2, 3 da 6. Gigabit na buƙatar duka takwas. Wannan ne bayanin wata matsala da ke rikita mutane: suwic na gigabit, kwamfuta ta gigabit, amma haɗin ya tsaya a 100. Kusan kullum ɗaya daga cikin 4, 5, 7 ko 8 ce ta karye ko ba ta ciji haƙori ba. A yanke kan a sake matsewa, a fara da wanda aka fi yawan cirewa da sokawa.

Iyakar tsawon wayar tagulla mita 100 ce daga suwic zuwa na'ura, har da gajerun wayoyin ƙarshe. Kwalin waya guda mita 305 ne, kuma ganin akwai saura kan sa wasu su ja mita 130 zuwa ɗakin maigadi. Wataƙila ta yi aiki yau, amma ba ta da tabbas. A sa wani suwic a tsakiya, ko a koma faiba, wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske.

Sai babbar annoba, wayar CCA, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa tagulla a sama. Kwalinta na ɗauke da rubutun Cat6 kamar kowace, farashinta kuma na jan hankali, amma araha ba ta ado. Alminiyam na wuce da lantarki kusan kashi 60 cikin 100 ne na abin da tagulla ke wucewa da shi, yana da saurin karyewa in an lanƙwasa, kuma yakan yi tsatsa a inda haƙori ya cije shi, har haɗin ya yi sanyi bayan watanni. Gane ta ba wuya: a kankare silin waya ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, CCA ce. Kwalinta ma ya fi sauƙi a hannu. Ga ɗan gajeren haɗi a cikin ɗaki ana iya lallaɓawa da ita, amma ga kyamara mai cin wuta ta waya ko nisan da ya wuce mita hamsin, sayen wahala ne.

Wayar cikin ɗaki da aka bi da ita ta kan rufi ko jikin katanga ba ta jure ranar Sakkwato. Rigarta kan bushe ta tsattsage, ruwan damina ya shiga ya bi ta har cikin kafa. A yi amfani da baƙar waya ta waje, ko a zura ta cikin bututun roba, wanda zai kuma kare ta daga ɓeraye a cikin silin. Tsakanin gini da gini kuwa, kamar azuzuwa da ofishin shugaban makaranta, faiba ce daidai. Tsawa ba sai ta faɗo kan waya take ɓarna ba. In ta sauka kusa, doguwar wayar tagulla kan kwaso ƙarfinta ta kai wa suwic biyun da ke ƙarshenta. Faiba gilashi ce, ba ta ɗaukar lantarki. Matsalolinta kaɗan ne kuma sanannu: an juya silin aikawa da na karɓa, ƙura ta hau bakin, ko an haɗa na'urar SFP, wadda ke haɗa faiba da suwic, mai hasken nanomita 850 da mai 1310, waɗanda ba sa jin juna.

Zobe

Alamarsa ba ta ɓuya. Duk fitilun suwic na ƙiftawa tare da sauri kamar sun haukace, kowace kwamfuta ta tsaya, har shiga shafin saitin suwic ɗin ya gagara. A kashe a kunna, a samu sauƙi na ɗan lokaci, abin ya dawo. Nan ne ake jin mai ofis na cewa, "Injiniya, mi yaf faru, ba wanda yat taɓa komi!" Amma an taɓa. Wani ya ga waya na reto ya soka ta a kafar da ba kowa, bai san ɗaya kan nata na cikin suwic ɗin ba. Ko an haɗa suwic biyu da waya biyu don a ƙara gudu. Ko an soka kafofi biyu na wayar tarho ta ofis duka a bango. Ko an haɗa gini biyu da rediyo alhali akwai tsohuwar waya tsakaninsu.

Dalilin da ya sa ƙaramin kuskure ke durƙusar da komai shi ne saƙon da suwic ke turawa ba shi da wa'adin mutuwa. Shela ɗaya in ta shiga zobe za ta yi ta zagayawa tana hayayyafa, kamar yadda lasifika ke kuka in an kusanto masa da makirfo, har ta cinye hanyar gaba ɗaya. Teburin MAC ma ya rikice, domin lamba ɗaya na bayyana a kafa biyu.

Hanyar kama shi ita ce a tsaya gaban uwar suwic a riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ana jira daƙiƙa biyar zuwa goma, a fara da waɗanda ke zuwa wasu suwic. Wadda aka zare fitilu suka lafa, ita za a bi zuwa suwic na gaba a maimaita. Rigakafinsa kuwa tsoho ne: tsarin STP da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wanda ke gano zobe ya tsare kafa ɗaya. Na asalin kan riƙe sabuwar kafa daƙiƙa 30 kafin ya sake ta, abin da kan sa kwamfuta ta gaji da jiran adireshi. RSTP, sabon salonsa mai sauri da ya zo a 2001, ya rage jiran ƙwarai. Kuskure ne a kashe STP saboda wannan jinkirin. A kunna RSTP, a sanya kafofin kwamfutoci a matsayin kafofin gefe, waɗanda ake saki ba tare da jira ba. Ƙananan suwic marasa saiti galibi ba su da wannan kariya, shi ya sa cibiyar da ke da kwamfuta 250, wadda ke buƙatar aƙalla suwic 11 masu kafa 24, bai kamata uwar suwic ɗinta ta zama maras saiti ba. Kuma kowane suwic ya ja wayarsa kai tsaye zuwa uwar, ba a jera su wannan cikin wancan ba. In wayar haɗin ta faɗo megabit 100, kwamfuta 23 da ke bayanta kowace ba ta samun ko megabit 5 in suka taso tare.

Fitila na ci, amma ba a ganin kowa

A buɗe kwamfutar a buga ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin ta nemi adireshi ba wanda ya amsa, sai ta ba kanta. Ko mai rabon adireshin, wato DHCP, a kashe yake, ko adireshinsa sun ƙare, ko kafar na cikin VLAN ɗin da ba nata ba, wato rukunin kafofin da aka ware daban a saitin suwic. In kuwa adireshin ya zo amma baƙo ne, misali ofis na kan 192.168.1 sai ga 192.168.0 ko 192.168.8, to wani ya kawo rawutarsa daga gida ya soka don ya samu Wi-Fi a ɗakinsa, ita ma ta shiga rabon adireshi. Umarnin arp -a zai nuna lambar MAC ta baƙuwar, show mac address-table kuma, in an buga shi a suwic, ya nuna kafar da take. Wani abin mai kama da wannan shi ne na'ura biyu su riƙe adireshi ɗaya, galibi firinta ko na'urar ajiyar hoton kyamara da aka ba adireshin dindindin daga cikin waɗanda rawuta ke rabawa. Sai ta yi aiki da safe ta ɓace da rana.

A cikin gida, ping zuwa rawuta, wato ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a jira amsa, bai kamata ya wuce milisakan ɗaya ko biyu ba, kuma ba a yarda ko ɗaya ya ɓace ba. In ana samun ɓacewa, a duba ƙididdigar kafar da show interfaces. Kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, in suna ƙaruwa na nuna waya ko kai. Karon saƙonni da ke zuwa a makare, wato late collisions, na nuna an ƙayyade gudu da hannu a gefe ɗaya an bar ɗayan yana zaɓa da kansa. A mayar da duka biyun su zaɓa da kansu. Kafar da aka rubuta mata err-disabled suwic ne ya rufe ta da gangan, kuma show logging zai faɗi dalili. A kawar da dalilin kafin a buɗe ta da shutdown sannan no shutdown, in ba haka ba za ta sake rufewa.

Kyamarorin da ke ɗaukewa da dare lissafi ne kawai. Ƙa'idar 802.3af na ba da wat 15.4 a kowace kafa, 802.3at na ba da 30, amma suwic na da jimillar da ba ya wucewa. A ɗauka jimillarsa wat 65 ce, an sa masa kyamara takwas, kowace na cin wat 5 da rana. Wat 40 ke nan, lafiya. Da duhu ya yi fitilun ganin dare suka kama, kowace ta koma 9, jimilla 72, sai suwic ya yanke wa wasu kafofin wuta. A wayar CCA abin ya fi muni, domin wani kason wutar na ƙarewa a hanya. A kuma kiyayi haɗa wutar PoE ta bolt 24 da wasu rediyoyin haɗa gini ke amfani da ita da ta ƙa'ida mai kusan bolt 48. Ta 24 ɗin ba ta tambayar na'ura kafin ta sakar mata wuta. Ƙananan suwic na kyamara kuma kan zo da ɗan maɓalli a fuska: matsayi ɗaya na tsawaita nisa zuwa mita 250 amma ya sauke gudu zuwa megabit 10, wani na hana kafofi ganin juna sai kafar haɗi. Hannu kan goge shi ba a sani ba, a yi ta neman matsala a wani wuri.

In duk an bi waɗannan ba a ga komai ba, sai a gwada suwic ɗin shi kaɗai. A zare masa kowace waya, a ba shi adafta mai kyau a ɗaki mai sanyi, a haɗa laftof biyu da gajerun wayoyi, a ba su 192.168.50.1 da 192.168.50.2 da hannu, a kashe katangar tsaron Windows na ɗan lokaci don kada ta hana amsa, a saki ping -t ana matsar da waya ɗaya kafa bayan kafa. Kafofin da tsawa ta taɓa sukan mutu a jere, huɗu ko takwas, saboda guntu ɗaya ke riƙe da su. A liƙe su da tef a rubuta, a ci gaba da sauran in ba wurin jarrabawa ko asibiti ba ne. Suwic mai wutar ciki da ke ƙin tashi sai an yi ta gwadawa, galibi kafasitocin sashen wutarsa ne suka kumbura saboda zafi, kuma mai gyaran talabijin na iya canza su da masu irin ƙarfinsu, waɗanda aka rubuta wa digiri 105. A bar shi ya sauke cajin babbar kafasitar kafin ya sa hannu, domin tana riƙe da bolt sama da 300 ko bayan an zare filogi.